Jana'izar Bishiyar Umma

Na sayi bishiya kamar yadda ake sayen ragon layya. Gara in faɗa da bakina kafin wani ya riga ni ya ƙara wa labarin gishiri, don ƙarin gishiri sana'ata ce, ba na son a shigar mini kasuwa. Na duba kaurinta, na bubbuga gindinta, na ja da baya na ƙare wa tsayinta kallo, saura kaɗan in nemi bakinta in duba haƙora. Ban tambayi irinta ba, ban tambayi lokacin da take fure ba. Na ga babba, na ce a ɗaure mini. Shekarata goma sha biyar a lokacin, kuma a ganina duk birnin Guangzhou na ƙasar Sin babu mai wayona.

Muna zaune ne a wajen Baiyun, a hawan ƙasa na wani dogon bene. Aikin Abba haɗa wa 'yan kasuwar Kano kaya. Ya tarbo su daga filin jirgi, ya zaga da su masana'antu, ya tattara abin da suka saya, ya tura musu ta sama ko a kwantena ta tashar jiragen ruwa ta Nansha. Yayyena suna Kano saboda makaranta. Ni, auta, aka taho da ni wai in koyi Sinanci in zama tafintan Abba, Umma kuma aka taho da ita wai don ta huta.

Hutun da ta samu shi ne tukunya. Gidanmu ba gida ba ne, sito ne da aka yi wa ƙofar banɗaki. Kwalaye daga ƙasa har silin: takalma, fitilun caji, mayafai, kan waya. In kana neman mutum a gidanmu sai dai ka kira shi ka bi muryar. Na taɓa ɓata tsakanin ɗakina da kicin, sai da aka yi la'asar aka tsince ni a bayan kwalayen fulas. Falo kuwa na baƙi ne. Duk wanda ya sauka daga Kano ko Zariya ko Maraɗi ya gaji da shinkafar Sinawa, gidanmu yake yi wa tsinke, ya miƙe ƙafa ya jira tuwo. Umma ba ta shiga falon in da maza. Ta tuƙa, ta kwashe, ta ƙwanƙwasa ƙofar kicin da ludayi, ni in zo in ɗauka. Akwai mutanen da suka shekara suna cin miyarta ba su san ko doguwa ce ko gajera ba.

Abu ɗaya ne nata a gidan. A bayan kicin akwai wani ɗan fili mai ƙasa, katanga ta kewaye shi, bai fi a shimfiɗa tabarmi kaɗan ba. Wanda ya zauna kafin mu ya shuka albasa a ciki. A nan take shanya kuɓewa, a nan take tsefe kai, a nan kaɗai take ɗaga ido ta ga sama, ko da yake saman ma guntu ne, benaye sun yayyanke shi. Abba kuwa duk sanda ya leƙa wurin, sai ka ga leɓensa yana motsi. Ba tasbihi yake ba, lissafin kwalayen da za su shiga yake.

Ranar Juma'a ce kawai take fita. Wata Juma'a da zafi, muna dawowa daga masallaci, muka hau gadar masu tafiya a ƙasa, sai ta tsaya cak. Wata tsohuwa ce zaune da faranti, ta jera wasu 'yan fararen furanni sirara kamar yatsan jariri, an soke su bibbiyu a siririyar waya. Matan garin suna saye suna maƙalawa a riga. Umma ta ɗauki ɗaya ta kai hanci, ta lumshe ido, ta daɗe har mutane suka fara kewaye mu suna tsaki.

"Auta, tambaye ta, wannan a ina ake haɗa shi?"

"Ba haɗawa ake ba, Umma. Fure ne. A bishiya yake fitowa."

"Bishiya guda ta yi wannan ƙamshin ba wuta ba garwashi?"

Ta saya, ta ƙulle a bakin mayafi. Har muka isa gida tana sunsunar mayafin kamar mai mura. Daga baya na ji cewa dangin bishiyar suna da yawa, Turawa suna ce musu magnoliya, wasu gajeru, wasu dogaye, kowacce da halinta. A ranar dai abin da muka sani shi ne fari ne kuma yana ƙamshi.

Da safe, kafin baƙi su farka, ta tari Abba yana shan shayi a tsaye.

"Alhaji, bishiya nake so in dasa a baya."

"Bishiya? A gidan haya, a ƙasar mutane? Wa zai sha inuwarta?"

"Wanda ya dasa ɗorawar ƙofar gidanku ya san wa zai sha?"

"Hajiya, wurin nan ina da buƙatarsa. Kina ganin yadda kaya suka yi mana."

"Ina gani. Da su nake kwana."

Abba ya yi dariya, irin ta mutumin da ya san ciniki a hannunsa yake. Ya ce to, a yi haka: in bishiyar ta kama, fili nata ne, ba zai sake magana ba. In ta mutu, zai rufe wurin da kwano ya zuba kaya, ita ma kada ta sake magana. Umma ta ce ta yarda. Ni ne shaida, ina tsaye da burodi a baki.

An shirya Abba zai kai mu kasuwar furanni ta Fangcun, ta zaɓa da idonta. Ranar da aka sa, wani Alhaji ya sauka ba sanarwa, Abba ya tafi tarbarsa. Aka sake sa rana, kwantena ta maƙale. Ta uku ma ban tuna dalilin ba, amma na tuna an samu. Umma ba ta tafiya nesa ba tare da shi ba, don haka ta kwance bakin mayafi, ta ba ni furen nan da ya riga ya bushe ya koma ruwan ƙasa.

"Ka nuna musu wannan. Ka zaɓo mai lafiya. Kada ka tsaya surutu."

Kasuwar Fangcun ba ta da ƙarshe. Ina jin in ka shiga ta wannan bakin da ƙuruciyarka, sai ka fito ta wancan da jikoki. Na yi ta nuna busasshen fure ana ce mini meyo, wato babu, har na dace da wani mai rumfa, irin waɗanda suke ce wa lawban, wato maigida, ƙato, rigarsa a naɗe saman tumbi. Ya sunsuna furen, ya gyaɗa kai, ya shiga ciki ya fito da wata 'yar tukunya. A cikinta wata 'yar aba ce da ba ta kai gwiwata ba, da 'yan ganyenta masu sheƙi da fararen furanni irin na Umma sak, har ƙamshin.

Raina ya ɓaci. A Kano in aka aike ka sayen rago ka dawo da ɗan tunkiya a kafaɗa, har jikokinka sai an yi musu gori. Ga kuma falo cike da masu baki suna jira su ga abin da ɗan Alhaji zai kawo. Na ɗauka mutumin ya ga baƙin yaro ne ya raina ni. Na ɗaga kai, sai na hango wasu a can baya an jingina su da katanga, manya, sun fi ni tsawo nesa, an naɗe saiwarsu da buhu. Ganyensu faffaɗa, babu fure ko ɗaya. Na je na zaɓi wadda ta fi kauri, na yi mata duk binciken da na faɗa muku.

"Iri ɗaya ne da wannan?" na tambaye shi da Sinancina.

Ya karkata hannu dama da hagu, ya zubo magana mai tsawo kamar huɗuba. A cikinta kaf na tsinci kalma biyu: dangi, da sanyi. Tafinta ba ya cewa bai gane ba, in ya faɗa aikinsa ya ƙare. Na gyaɗa kai irin na manya, na ce sheshe, wato na gode, a ɗaure.

A keken kaya mai ƙafa uku aka kawo ta, ni a zaune kan saiwar, ganye yana yi mini lema, ina ɗaga wa mutanen titi hannu. Sai da aka kwashe kwalayen da ke hanya kafin ta shige, baƙi suna taya mu da baki. A cikinsu akwai wani Bazazzage mai sayen takalma, wanda yake zuwa sau da yawa har ya zama kamar kujerar falon. Tsakaninmu da shi wasan Kanawa da Zage-zagi ne, ba ya raga mini, ba na raga masa.

"Ɗan Kano, an aike ka fure ka sayo azara?" in ji shi.

"Baba, ku a Zariya tsintsiya ma bishiya ce, dole ka tsorata."

Umma ta kewaya ta, ta tsinki ganye ɗaya ta murza ta sunsuna. Ta dube ni.

"Ina furen?"

"Umma, babbar bishiya ba ta gaggawa. Lawban ya ce danginsu ɗaya. Wannan ita ce uwarsu."

Ta ce Allah ya sa albarka. Muka haƙa rami a tsakiyar filin, ta yi bisimilla ta tura ƙasar farko da hannunta.

Ban taɓa ganin an yi wa abin da ba ya magana hidima irin wannan ba. Umma ta taso a inda bishiya take mutuwa da ƙishirwa, don haka safe da yamma sai ta ba ta ruwa, a garin da sama take yoyo rabin shekara. Na rantse na taɓa ganinta riƙe da lema a hannu ɗaya, buta a ɗaya. Duk da haka bishiyar ta jure, ta kama, ta ƙara ganye. Umma ta mayar da kujerarta 'yar tsugune gindinta. A nan take yankan alayyafo, a nan take lazimi. Wata rana na ji tana ba ta labarin bikin ƙanwarta da aka yi ba ta nan. Umma ta fara ƙiba. In na yi shaƙiyanci takan yi dariya har ta jefe ni da murfin kwano.

Fure dai shiru. Duk Juma'a tsohuwar kan gada tana nan da farantinta cike, tamu kuwa ganye kawai. Da zafi ya fara ja baya, sai wasu ƙululai suka fito a kan kowane reshe, masu gashi-gashi, ruwan toka, kamar kawunan 'ya'yan ɓera. Na ce ƙuraje ne. Umma ta ce in rufe mata baki.

Sai sanyi ya shigo, irin na garin nan mai jiƙa ƙashi. Ganyen ya yi rawaya, ya yi ja, ya fara zuba. Kowace safiya Umma ta share, kowace yamma ya sake zuba, har ya zama babu ko ɗaya. Abin da ya fi ciwo, duk bishiyoyin unguwarmu kore shar suke, ko a jikinsu. Tamu kaɗai ta tsaya tsirara a bayan kicin da kawunan ɓerayenta.

A nan na samu sabuwar haja. Ku fahimce ni: ba ni da aboki sa'ana a garin. 'Yan ajinmu na koyon Sinanci duk magidanta ne masu gemu. Abin da nake da shi shi ne falo. In na sa Alhazan nan dariya har suna share hawaye da hula, a ranar ni mutum ne, har Abba yakan dube ni kamar ya san ni. Don haka na sa wa bishiyar suna Marigayiya. In na kawo tuwo sai in sunkuyar da kai in ce ana karɓar gaisuwa a bayan kicin. Bazazzage ya ce ya haƙuri, in ce haƙuri sai ma'aiki, ta sha jinya. Da farko a hankali nake yi don kada Umma ta ji. Da dariya ta yi daɗi na manta da a hankali.

Wata safiya ta kira ni baya. Ta kama wani reshe ta kankare bawon da farcenta.

"Zo ka gani. Wane launi ne wannan?"

"Kore."

"Taɓa."

Da danshi, har da santsi.

"Da ranta. Kuka ma tana tuɓe ganye ta tsaya haka, wa ya taɓa cewa ta mutu? Barci take. Na gaya wa Abbanka ya ce son zuciya ne yake sa ni ganin kore. Kai ka gani da idonka. In ya tambaye ka, ka faɗi abin da ka gani."

"To, Umma."

"Ba to ɗin da ka saba ba."

"Wallahi zan faɗa."

Lokacin kuwa sabuwar shekarar Sinawa ta matso. In ta zo, masana'antu rufewa suke yi, ma'aikata su watse ƙauyukansu, gari ya mutu na makonni. Don haka kowane ɗan kasuwa so yake a kwaso kayansa kafin a rufe, kuma duk gidanmu ake jibgewa. Kwalaye suka shiga banɗaki. Suka hau gadona, na koma kwana a kansu kamar kaza. Abba ba ya barci, ba ya dariya, wayoyinsa biyu suna kuka a tare. Kullum ya leƙa baya, leɓensa ya motsa.

Ranar da abin ya faru, bayan azahar ne, falo ya cika har bakin ƙofa, ana cin tuwo da miyar kuɓewa. Wani ya yi tuntuɓe da kwali ya kusa kifar da miya, sai Bazazzage ya ce:

"Alhaji, kai ma da son wahala. Ga fili a baya kana ajiye da gawa a ciki."

Abba ya suɗe hannu, ya juyo gare ni.

"Kai ka sayo ta, kai ka ji bayanin mai ita. Faɗa mana tsakani da Allah. Bishiyar nan tana da rai?"

Amsar tana bakina. Kalma ɗaya ce, kore. Amma ido ya yi mini yawa, kuma kowace fuska ta riga ta fara murmushi tun ban buɗe baki ba, kamar an ɗaga wa makaɗi kuɗi. Bazazzage ya ƙara da cewa, "Ku bar shi, Bakano ba ya yarda an cuce shi a ciniki. Cewa zai yi suma ta yi."

Na ajiye tiren da ke hannuna. Na gyara murya.

"Abba, rai? Ai Marigayiya ta daɗe da amsa kira. Jiya tsuntsu ya sauka a kanta, ya duba, ya yi salati ya tashi. Ko gara ta zo ta ce ita ba ta cin abin da ya kwana biyu haka. In ana neman itacen da za a dafa taushe da shi, a yi magana da magada."

Falo ya kece. Wani ya ƙware, ana bubbuga masa baya. Na ƙara, na kwaikwayi yadda ganyen ƙarshe ya yi wasiyya kafin ya faɗo. Ina cikin yi na lura da wani abu. Ƙofar kicin a buɗe take kaɗan, kuma ƙarar ludayi da tukunya da ake ji tun ɗazu ta tsaya.

"Shi ke nan," in ji Abba. "Wanda ya sayo ma ya shaida. Gobe a gyara wurin."

Taku kaɗan ne tsakanin Umma da falon. Tana da hujja a farcenta. Amma falo cike yake da maza baƙi, kuma matar gida ba ta fitowa ta ƙaryata mijinta da ɗanta a gaban baƙi. Da za ta iya, da ba ita ba ce. Aka yi shari'ar filinta, aka yanke, aka shafa fatiha, tana tsaye a bayan ƙofa da ludayi.

Da na kai kwanuka ba ta dube ni ba. Ta karɓa, ta zuba ruwa.

"Umma, wasa nake."

"Na ji. Ka iya."

Iyakar abin da ta ce ke nan. Da ta zage ni da na samu abin riƙewa.

Da baƙi suka watse na sami Abba yana danna waya. Na ce masa wasa nake yi ɗazu, bishiyar da ranta, na ga koren da idona. Ya ɗago.

"Ɗazu ka yi ƙarya a gaban manya, ko yanzu kake yi mini?"

Duk wadda na ɗauka duka ce. Umma ta fito ta ce, "Alhaji, a ba ta wata ɗaya. In ba ta motsa ba ni da kaina zan kira masu sara." Ya ce wata ɗaya kayan mutane a kansa zai ɗora? Ta ce to a tone ta da saiwarta a sa a durom, a ajiye ko a bakin titi ne. Ya ce za a gani. A bakin Abba, za a gani ƙanwar a'a ce.

Da sassafe mota ta tsaya da kwanon rufi da ƙarafa. Na taya saukewa, kuma a nan na ga abin da har yau yake ci mini rai. An riga an yanke su daidai da filin, tsawo da faɗi, har da gurbin bututun ruwan da ke kusurwa. Ba a yin wannan aikin tsakanin la'asar da asuba. An auna wurin tun ganye bai gama zuba ba. Abba bai tambaye ni don yana son sani ba. Shaida yake nema, ya kuma san wane irin shaida ya haifa.

Masu aikin su biyu ne, suna sauri za su kama jirgin ƙasa zuwa garinsu. Na ce musu a tone, ɗayan ya nuna agogo ya ce meyo. Ya ɗauko zarto. Zarton ma ƙin tafiya ya riƙa yi, yana maƙalewa, garin katakon yana fitowa a jiƙe yana manne masa a hannu. Mutumin ya dubi kututturen, ya dube ni, ya faɗi wata magana. Wannan karon na gane duka, amma ban fassara wa kowa ba.

Umma tana ɗaki, ta rufe ƙofa, ta kunna karatu a rediyo.

Da aka fito da rassan waje na tsinki ɗaya daga kawunan ɓerayen nan, na ɓare shi da farce. A ƙarƙashin gashin akwai wani abu a naɗe, fallen kan falle, lumus, an shirya shi tsaf kamar sabuwar atamfa da ba a kwance ba. Ja ne mai duhu ta waje, fari ta ciki. Na ɓare na biyu, haka. Na uku, haka. Kowane reshe cike yake da su. Na tsaya a bakin titi ina ɓarewa ina zubarwa har mai shara ta zo ta kore ni.

Bayan bikinsu ya wuce, Abba ya aike ni titin Liuhua Lu karɓo samfurin mayafi. Bas ɗinmu ta bi ta gefen wani lambun gwamnati, sai na hango su a jere. Bishiyoyi tsirara, babu ganye ko ɗaya, irin tamu sak, amma kowane reshe ya ɗauki furanni manya kamar kofin shayi, ja da fari, har ba a ganin itacen. Mutane sun taru a ƙasa suna ɗaukar hoto, tsofaffi suna ɗaga jikoki su taɓa. Ashe abin da lawban yake ta faɗa ke nan da ya ce sanyi. Irin wannan sai ta zubar da ganye, ta sha sanyi, sannan ta yi fure. Ba ita Umma ta aike ni nema ba, amma da an bar ta da ta biya ta wahalarta. Na wuce tashar da zan sauka ban sani ba.

Na dawo na same ta a kicin tana yankan albasa a tsaye, don yanzu babu wurin zama. Ƙofar baya in ka buɗe kwali ne yake gaishe ka, kicin ɗin ya yi duhu ko da rana sai an kunna fitila. Na ba ta labarin abin da na gani. Karon farko a rayuwata na ba da labari ban ƙara komai ba, kuma shi ne wanda ya fi kama da ƙarya.

"Ranar Juma'a in kai ki ki gani, Umma. Ba nisa."

"Na mutane ne."

"To in sayo miki ƙaramar, mai ƙamshin. Tana zama a tukunya."

"Ka ajiye ta a ina? A kan fulas ko a kan takalma?"

Ta ci gaba da yanka. A falo Bazazzage yana kira, wai ina ɗan Kano, a zo a ba su labarin arba'in ɗin Marigayiya. Na je na kai musu ruwa na ce kaina yana ciwo. Suka ce yaron ya fara girman kai.

Abba bai taɓa tayar da maganar ba. A wurinsa an yi sharaɗi, an cika, kuma kaya sun samu wuri. Sau ɗaya ya shigo mata da kwalbar turare mai tsada daga filin jirgi, ta yi godiya, ta sa a akwati, ta kai wa ƙanwarta tsaraba.

Da damina ta faɗi a gida, Umma ta ce za ta je ta duba yayyena. Abba ya yanka mata tikitin zuwa da dawowa. Ta yi amfani da na zuwa. Yanzu wani ɗan Nijar ne yake yi mana girki, ni kuma ina nan ina tafinta, filin yana cike da kwalaye.